Kundin Hajiya Kaka

 Ni ɗaliba ce a aji uku na JHS. Malamarmu ta aikin hannu ce ta ce in rubuta yadda na haɗa kundin da na kawo makaranta bayan dogon hutu, don wasu su gwada a gida. Na amsa mata, amma na roƙe ta ta bar ni in haɗa da ɓarnar da na yi tun farko, domin yawancin abin da na koya daga can ya fito.

Kafin hutu Malama ta ce kowa ya yi wani abu da hannunsa, da kayan da zai samu a gida ba sai ya dami iyayensa da maganar kuɗi ba. Wata ƙawata ta saƙa mafici da kaba, wani ya yi akwatin fensir da kwalin sabulu, wani yaro kuma ya ƙera mota da gwangwanin madara, ya yanko mata tayoyi daga tsohon silifas. Ni kuwa ruwan sama ne ya zaɓar mini aiki.

A Aboabo muke zaune, cikin Kumasi, kuma duk wanda gidansu ke kusa da rafi ya san abin da watan Yuni ke zuwa da shi. Wani dare ruwa ya shigo ɗakin kakata, mahaifiyar Babanmu, wadda muke kira Hajiya Kaka. Da safe muna fitar da kaya sai muka jawo wani tsohon gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gadonta. A ciki akwai hotuna kusan arba'in, yawancinsu baƙi da fari, da tsofaffin takardun kuɗi, da katin allurar rigakafi na tafiyarta Makka, da wata wasiƙa ta ajami, da ƙyallayen atamfa a naɗe. Ruwa bai shiga sosai ba, amma laima ta kama hotunan. Muka shanya su a kan tabarma cikin inuwa, fuska sama. Guda uku sun riga sun manne da juna, ba su ceto ba.

Ina jera su sai na lura babu ko ɗaya da aka rubuta suna a bayansa. Na tambayi Mma, ta gane mutum goma sha wani abu. Baba ya gane nasa, sauran ya ce, "Sai Hajiya." Hajiya Kaka kuwa ta haura saba'in, kuma yana ta fara rufe mata ido ɗaya. Sai na ga ranar da ganinta ya ƙarasa tafiya, ko Allah ya yi mata rasuwa, mutanen nan duka za su zama baƙi a gidansu.

Da na gaya mata ina so in jera hotunan a littafi in rubuta labarin kowanne, sai ta yi dariya ta ce, "Kundi ke nan za ki yi, kishiya, irin na Malam." Kishiya take kirana, saboda wasan kaka da jika. Malam kuwa shi ne kakanmu marigayi. Yana da kundi a cikin gafaka, takardu ne da ba a ɗinke ba, inda yake tara addu'o'i da abin da ya kwafo daga malamansa. Sunan ya yi mini, na riƙe shi.

Na fara da gaggawa. Na ari wayar Yayata na kalli yadda wasu suke yanka hoto da siffar zuciya ko ta ƙwai, su manna shi a karkace, su zagaye shi da furanni. Abin ya burge ni. Na ɗauko hoton da ya fi kowanne kyau, na ranar bikin Hajiya Kaka a 1968. Tana zaune a tsakiya da lulluɓi, ƙawayenta biyar a tsaye a bayanta. A can gefen hagu akwai wani saurayi riƙe da keke, rabin jikinsa ne kawai ya fito, bai ma kalli mai hoto ba. Na ɗauka mai wucewa ne. Na sa almakashi na zagaye amarya da ƙawayenta, na share guntayen na zuba a kwandon shara, na shafa wa hoton gam na manna. Na kai mata ina murna.

Ta kai shafin kusa da idonta mai gani, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta shafa gefen hagu da ɗan yatsa.

"Ina mai keken?"

"Wane mai keke, Hajiya?"

"Yayana. A nan yake tsaye."

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta miƙo mini littafin ta ce in je in duba ko ba a kwashe shara ba tukuna. Na zazzage kwandon a tsakar gida, ina tonawa cikin ɓawon albasa da tokar kurfoti, ina kuka, ƙanena yana riƙe mini tocila. Na same shi a ƙarƙashin wata ledar ruwa, ya ɗan lanƙwashe amma bai jiƙe ba.

A daren nan ta ba ni labarinsa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar Ghana cikin mako biyu. Mutanen zango da yawa a nan aka haife su, amma ba su da takardar da za su nuna. Motoci suka riƙa cika suna nufar Najeriya, Nijar, Togo da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Hajiya Kaka tana da ɗanyen goyo a lokacin, Malam ya samu takarda, suka zauna. Yayanta ya sayar da keken nan ya hau mota zuwa Kano, garin da kakansu ya baro, wanda shi bai taɓa gani ba. Wasiƙa ɗaya ya aiko, ita ce ta cikin gwangwanin. Daga nan shiru. Hoton nan da rabin jiki shi ne kaɗai hotonsa da ke duniyarta. Na sha jin manya suna cewa "lokacin Busia", amma ban san abin ya ratsa ta ɗakinmu ba.

Washegari na kai wa Malama shafin a gida. Ta ce kada in yi ƙoƙarin ɓanɓaro hoton, zai yage. Muka mayar da guntayen wurarensu a kan takardar, ɗaya bayan ɗaya, muka liƙa da ɗan sitaci. Layin almakashi yana nan, ana ganinsa, kuma lungu ɗaya na sama ya ɓata har yau. Daga nan ta zaunar da ni ta koya mini abin da ya kamata in tambaya kafin in taɓa almakashi.

Na farko, ainihin tsohon hoto ba a yanka shi, ba a shafa masa gam. Idan ana son yin ado, sai a shimfiɗa shi kusa da taga da rana, a ɗauke shi da waya ba tare da hasken filasha ba, a kai situdiyo a wanko kwafi. Kwafin shi ake yankawa yadda aka ga dama. Ainihin kuwa da kusurwa huɗu ake riƙe shi. Ana yanko kusurwar tsohuwar ambulan, sai ta fito kamar ƙaramin aljihu mai kusurwa uku. A saka wa kowane lungu na hoton guda, a shafa gam a bayan aljihunan kawai, a ɗora a shafi. Duk ranar da aka so a zaro hoton, zai fito lafiya. Na biyu, a guji salatif, domin bayan 'yan shekaru yakan yi ruwan ɗorawa ya bar tabo. A guji rufe hoto da roba a injin zafi, domin abin da ya shiga ba ya fitowa. Kada kuma a yi rubutu da biro a bayansa, yana huda fuskar hoton; fensir mai laushi ya isa. Na uku, kuma shi ne babba, kafin a yanke shawara kan kowane hoto a tambayi mai shi waye a ciki, har wanda yake gefe.

Sai na sake farawa daga tushe. Littafin da kaina na yi shi. Na yanko kwali biyu masu kauri daga katon ɗin taliya da mai kantin unguwarmu ya ba ni, kowanne ya ɗan fi takardar A4 girma. Na lulluɓe su da ragowar atamfa daga wurin telar Mma, na naɗe bakin zuwa ciki, na rufe cikin da farar takarda. Shafukan na yi su da takardar zane mai kauri, guda ashirin. Na huda ramuka uku a gefe da ƙusa da guduma, na zura igiyar takalmi na ɗaure, don in iya kwancewa in ƙara shafi. Wata dabara da Malama ta nuna mini ita ce a saka siririn kwali mai faɗin yatsa biyu tsakanin shafuka a wajen ɗaurin. In ba haka ba, da zarar hotuna sun shiga sai littafin ya kumbura, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Gam ɗin ma na gida ne. Cokali ɗaya na sitacin rogo, a dama da ɗan ruwan sanyi, a zuba tafasasshen ruwa ana juyawa har ya yi kauri kamar koko ya washe. A bari ya huce, a shafa kaɗan-kaɗan. Na yini ɗaya kawai ake damawa, domin idan ya kwana biyu yakan yi tsami. Ƙaro ma yana yi, irin wanda muke sawa a tawada, idan aka jiƙa shi ya kwana aka tace da ƙyalle. Duk shafin da na gama sai in sa takarda a kansa in danne da manyan littattafai har gobe, don kada ya kandare a murɗe. A lokacin damina sai an yi haƙuri ya bushe sarai, in ba haka ba ya yi fumfuna.

Matsalar da ta fi cinye mini tunani ita ce ta ina za a buɗe kundin. Hajiya Kaka ajami take karantawa, daga dama. Ƙannena sun fi sabawa da boko da Turanci, daga hagu. Mu da muke karatu a makaranta irin tamu mun san wannan, jakarmu ɗaya amma littattafanmu suna buɗewa ta fuska biyu. Na kwana biyu ina juya abin, sai na ce me zai hana kundin ya zama mai ƙofa biyu. Ta dama aka fara da kakanni, da ajami, ana gangarowa zuwa ƙuruciyar Hajiya. Ta hagu aka fara da mu jikoki, da boko da Turanci, ana komawa baya zuwa iyayenmu. Hanyoyin biyu suka haɗu a tsakiya, a hoton bikin 1968, inda na rubuta sunayen da rubutu biyun. Ajamina ba shi da kyau sosai, Malaminmu na Larabci ya gyara mini wurare da yawa.

Kowace rana bayan la'asar nakan zauna kusa da ita da hoto ɗaya ko biyu da littafin rubutu. Ba na wuce haka, domin takan gaji, wani hoton kuma yakan sa ta yi shiru. Tambayoyina huɗu ne: waye wannan, a ina, wace shekara, me ake yi a ranar. Idan ba ta tuna shekara ba sai in ce kafin a haifi wane ne ko bayan, kafin tafiyarta Makka ne ko bayan. Da haka muke kusantar lokacin. Abin da ta faɗa shi yake nuna mini yadda shafi zai kasance. Hoton da ta yi dogon labari a kansa nakan ba shi shafi shi kaɗai, wanda ta wuce da sauri in haɗa shi da 'yan uwansa.

Ga tsare-tsaren da suka yi mini aiki. Mafi sauƙi shi ne babban hoto ɗaya a sama, rubutu a ƙasa, a bar fili mai faɗin yatsa biyu a kowane gefe. Kashi ɗaya cikin uku na shafin nakan bar wa rubutu, domin hoto ba shi da baki. Ƙananan hotunan fasfo kuwa na jera su layi-layi, uku-uku, suna a ƙarƙashin kowanne, kuma na ja layi da rula da fensir kafin in manna. Kullum nakan jera komai a shafi ba gam, in ɗauka da waya, in sauya, in sake ɗauka, sannan in zaɓa. Launi kuwa ba na wuce uku a shafi ɗaya. Na farkon da na cika da furanni da ƙyalli, Yayata ta ce sai an yi bincike kafin a ga mutumin.

Shafin da na fi so shi ne na taswira. Kakan Hajiya bafatake ne, goro ya kawo shi. Na kwafo taswirar Afirka ta Yamma daga littafin makaranta, na ɗinka jan zare daga Kano, ya bi ta Nikki da Jugu a ƙasar Benin ta yanzu, ya sauka Yendi, ya isa Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Baba ya gaya mini yaƙin basasar Salaga na 1892 ne ya watsa 'yan kasuwa da malamai, wasu suka yi Kete-Krachi, kamar shahararren malamin nan Alhaji Umaru wanda ya rasu a 1934, wasu daga baya suka gangaro Kumasi. Na ƙarasa jan zaren a Kumasi. Sannan na ɗinka baƙin zare daga Kumasi ya koma Kano, na rubuta 1969 a kansa.

Akwai shafin ƙyallaye. Na yanka kowanne murabba'i, santimita biyar-biyar, na jera tara. Hajiya ba ta buƙatar ido a nan, da ta shafa take cewa wannan ankon bikin wance ne, wannan na sunan Babanku, wannan Malam ya saya mini da Sallar layya. Akwai shafin kuɗi, inda na manna ambulan a matsayin aljihu na saka tsofaffin sidi. Na rubuta wa ƙannena cewa a 2007 aka canja kuɗi, sidi dubu goma na da ya zama sidi ɗaya, domin sun ɗauka Hajiya attajira ce.

Shafin Malam shi ne ya koya mini cewa ba dole sai da hoto ba. Hajiya ta ce shi ba ya son a ɗauke shi, hotonsa ɗaya ne, na fasfo, kuma don tafiyar Hajji ya yarda. Sai na saka shi a cikin ambulan mai rufi, wanda ya so ya buɗe. A fili na sa guntun rawaninsa, da alƙalaminsa na kara na ɗaure da zare, da kwafin wata takarda da ya rubuta lissafin almajiransa. Na so in ƙawata shafin da aya, amma Malaminmu na Larabci ya ce in bari, domin kundin zai riƙa yawo a hannun yara, ana ajiye shi a tabarma da ƙasa. Iyayen da ba su son hotuna a gida, irin wannan shafin zai yi musu: rubutun hannu, ƙyalle, wasiƙa, katin makaranta, tikitin mota, duk suna riƙe tarihi.

Adon gefen shafuka da hatimi na yi shi. A Ntonso, kusa da Kumasi, masu buga adinkra da ɓawon ƙwarya suke sassaƙa hatiminsu. Ni ƙwarya ta fi ƙarfin wuƙata, sai na yi amfani da tsohon silifas. Na yanko ƙananan siffofi masu kusurwa uku da huɗu, na tsoma a tawadar allo, na buga a jere kamar zayyanar da ake yi wa allon mai sauka. Na gwada dagi sau biyar, ya ƙi fitowa, na haƙura. Dankali ma yana yin hatimi, sai dai ba ya wuce kwana ɗaya. Ƙananan yara su bari babba ya yi musu yankan. A duk aikin nan, wanke kwafin hotuna ne kawai ya ci kuɗi.

Daga ƙarshe na kwafe wasiƙar ajamin da boko, na sa ta a aljihu kusa da hoton mai keke. Baba ya tura hoton ta WhatsApp ga wani ɗan uwanmu mai kai goro Kano, ya haɗa da suna da sunan unguwar da ke cikin wasiƙar. Har yau ba mu ji komai ba. Idan yana raye ya kusa tamanin, idan kuma ya rasu wataƙila ya bar 'ya'ya da ba su san suna da gwaggo a Kumasi ba. Na tambayi Hajiya ko in cike shafukan da ke bayan nasa da wasu hotuna, sai ta ce, "Bar uku, kishiya. Ba a san abin da mota za ta kawo ba." Na bar su farare, na buga musu ado a gefe kawai.

Yanzu kundin yana saman kabad, a cikin jakar yadi, nesa da bango da ƙasa. Idan tsofaffin ƙawayenta sun zo gaisuwa sai ta ce in sauko da shi. Wata Hajiya daga Asawase ta gane mutum biyu da kakata ta manta, na ƙara sunayensu nan take da fensir. Saura biyu daga cikin ƙawayen amarya ba mu da sunansu. Idan kakarki ko kakarka ta yi 'yanmatancinta a Aboabo a waɗannan shekarun, ku zo da ita ta duba, kundin yana ofishin Malama har ƙarshen wannan wata.

'Yan uwana ɗalibai, kusan kowane gida a zango yana da irin gwangwanin nan, a ƙarƙashin gado ko a ƙasan akwati. Ku nemi izini ku buɗe shi a wannan hutun, ku ɗauki fensir ku zauna kusa da tsohon da ke gidanku, almakashi ya jira tukuna. Allah ya ƙara wa kakanninmu lafiya da nisan kwana, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sada waɗanda suka rabu. Amin.